MANHAJAR KYAUTA DA SHARUƊƊANTA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A DUNDAYE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.  

1. Dalilin wannan jawabi

Bayan haka, sanin kowa ne cewa Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa cikin 1975, aka kuma sake mata suna cikin 1988 ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙasar Dundaye mazauninta ya ke. Kowace shekara samari da 'yan mata suna fita daga cikinta da ilmin kwamfuta. Ba dukansu ke samun aikin Gwamnati ba. Da yawa su kan kafa sana'ar kansu, suna haɗa manhaja suna sayar wa 'yan kasuwa, da masu makarantu, da masu ɗakunan shan magani. Har ya kai ga wasu su kan zo ofishin hakimi ko na ƙaramar hukuma su ce za su mai da rajistar gonaki, ko ta haihuwa, ko ta kuɗin kasuwa cikin kwamfuta, a biya su.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da wuya a sami wanda ya ke rubuta irin wannan manhaja tun daga farko har ƙarshe da hannunsa. Galibi a kan ɗauko wadda wasu suka riga suka rubuta suka saki kyauta, a yi gini a kanta. Wannan ba laifi ba ne, haka duniya duka ta ke yi. Amma akwai kuskure biyu da suka yaɗu game da ita. Wasu suna tsammani abin da aka saki kyauta ba shi da mai shi, kowa ya yi yadda ya ga dama da shi. Wasu kuwa suna tsammani haramun ne a ci riba da shi. Duka biyu ba haka ba ne. Tun da ya ke hakimi ne a ke kawo wa takarda ya buga hatimi, gabansa kuma a ke fara kawo ƙara idan ciniki ya lalace, ya wajaba shi da malaminsa su san gaskiyar al'amarin.

2. Mene ne buɗaɗɗen tushe

Manhaja ita ce jerin umarnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki. Tana da fuska biyu. Akwai rubutun asali, wanda mai ilmin abin ya ke iya karantawa ya gyara, shi a ke kira tushe. Akwai kuma wadda aka juya zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa, ita ce a ke sa wa cikin waya ta yi aiki. Misalinsu kamar garin magani ne da sunayen sassaƙen da aka daka. Wanda aka ba gari zai sha, amma ba zai iya haɗa wani ba, ba kuwa zai san abin da ya sha ba, sai an gaya masa itatuwan.

Kamfanoni da yawa su kan sayar da garin su ɓoye sassaƙen. Cikin 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya tashi da nufin haɗa manhajar da ba za a ɓoye tushenta ba, ya kira aikin GNU. Cikin 1989 ya fito da wata takardar izini mai suna GPL, wadda ta ba kowa damar amfani da manhajar, da kwafarta, da gyara ta, bisa sharaɗi. Cikin 1991 wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ba da daɗewa ba ya sa ta ƙarƙashin wannan takarda. Daga 1998 aka soma kiran irin wannan manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Takardar izinin nan ita a ke kira lasin, kuma a kanta jawabin nan duka ya ke.

3. Ta riga ta shigo ƙasarmu

Kada a ɗauka wannan labarin wata ƙasa ce mai nisa. Duk wayar Android da ke aljihun talaka ko basarake, Tecno ce ko itel ko Samsung, a kan Linux aka gina ta. Wanda ya duba cikin saitin wayarsa, wajen bayanin doka, zai tarar da takardun lasin nan jere, kamfanin ya sa su don tilas ne ya sa.

Hakimai sun san wahalar da aka sha wajen yaƙi da ciwon shan-inna, tun daga kwamitin sarakunan Arewa da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya ƙaddamar cikin 2009, har zuwa ran 25 ga Agusta 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, ko da ya ke rigakafi bai ƙare ba. Cikin kayan aikin da ma'aikatan lafiya suka riƙa cika bayanai da su a waya akwai ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washinton cikin 2008, mai buɗaɗɗen tushe ce. Lissafin da asibitocin Gwamnati ke aikawa kowane wata kuwa, cikin DHIS2 ya ke shiga, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ita, ita ma haka. Ga Moodle ta koyarwa, ga Koha ta ɗakunan karatu, ga WordPress wadda jaridu da yawa ke bugawa a kanta. Ashe ruwan da a ke tambayar halaccinsa an daɗe ana sha.

4. Kyauta ce, amma da mai ita

Mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga ilmin da a ke bayarwa kyauta. Littattafan Shehu Usmanu, da na Malam Abdullahi na Gwandu, da irin su Infaƙul Maisuri wanda Muhammadu Bello ya wallafa cikin 1812, da hannu aka yi ta kwafarsu daga gari zuwa gari, ba wanda ya nemi izini a rubuce. Mai kwafa ya kan karɓi ladan hannunsa, ba a ce ya yi laifi ba. Amma abu guda ba a yarda da shi ba, watau ya share sunan mawallafi ya sa nasa, ko ya cusa maganarsa cikin ta malam ba tare da ya nuna ba. Wanda ya je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu zai ga irin waɗannan kwafe-kwafe da idonsa.

Har wa yau an san hukuncin wakafi. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Malaman fiƙihu kuwa sun tabbatar cewa sharaɗin da mai wakafi ya gindaya, muddin bai saɓa wa shari'a ba, tilas a kiyaye shi. Mai ɗiban ruwa ba ya biya, amma ba shi da ikon sa wa rijiyar ƙyaure.

Manhajar kyauta ta yi kama da waɗannan, sai dai ta bambanta da wakafi ta wuri ɗaya mai muhimmanci. Mai wakafi ya fid da hannunsa daga amfanin dukiyar. Marubucin manhaja kuwa bai saki haƙƙinsa ba, yana nan riƙe da shi, izini kurum ya bayar. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin watan Maris 2023, ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, daidai da littafi. Nijeriya kuma ta shiga Yarjejeniyar Bern cikin 1993, saboda haka haƙƙin marubucin da ke Jamus ko Indiya tsararre ne a nan, kamar yadda na yaron Dundaye ya ke tsararre a can. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya kwafi manhajar wani ba shi da wata hujja sai lasin. In ya cika sharaɗinsa, ya tsira. In ya karya shi, hujjarsa ta faɗi, ya zama tamkar mai buga littafin wani a ɓoye, ana iya kai shi Babbar Kotun Tarayya.

5. Lasin iri uku

Takardun lasin suna da yawa, amma ana iya kasa su uku.

Na farko su ne masu sauƙin sharaɗi, irin su MIT, da BSD, da Apache. Waɗannan sun yarda mutum ya ɗauka, ya gyara, ya haɗa da nasa, ya sayar, har ya ɓoye tushen abin da ya haɗa in ya so. Abin da su ke nema kaɗan ne: a bar sunan marubucin asali da takardar lasin cikin kowane kwafi da aka bayar. Apache ta ƙara da cewa wanda ya canja wani abu ya nuna ya canja. Wannan shi ne ladabin mai kwafar littafi da aka ambata a baya, ba ƙari. ODK tana ƙarƙashin Apache, DHIS2 tana ƙarƙashin BSD.

Na biyu su ne masu sharaɗin mayarwa, babbarsu GPL. A nan ma an yarda a gyara, an yarda a sayar, ba a kuma yanke farashi ba. Amma duk wanda ya miƙa manhajar ga wani, da kuɗi ko kyauta, tilas ya ba shi tushenta, har da gyaran da ya yi da abin da ya gina ya zama jiki ɗaya da ita, kuma bisa wannan lasin ɗin dai. Ko dai ya haɗa tushen da kayan, ko ya rubuta alkawarin bayarwa wanda zai tsaya shekara 3. Watau wanda ya yashe rijiyar ya ƙara mata zurfi yana iya karɓar ladan aikinsa, amma ba zai hana na bayansa ɗiba ba. Linux, da Moodle, da Koha, da WordPress duk a nan su ke. A lura da kyau: sharaɗin nan ba ya hawa kan mutum sai ya miƙa wa wani. Ofishin da ya gyara manhaja don aikin kansa, bai ba kowa ba, babu abin da a ke binsa. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, irin su LGPL da MPL, waɗanda ke neman a mayar da gyaran da aka yi wa ɓangaren da aka ara kaɗai.

Na uku ita ce AGPL, wadda ta fito cikin 2007. Dalilinta shi ne, wasu sun gano cewa in suka ajiye manhajar a na'urarsu mutane suna shiga ta intanet, ba su miƙa wa kowa komai ba, sharaɗin GPL bai kama su ba. AGPL ta toshe wannan ƙofa. Wanda ya gyara ta ya sa jama'a suna aiki da ita daga nesa, sai ya ba su tushen.

A ɗauki misali. A ce wani saurayi ya haɗa manhajar lissafi don dillalan albasa, ya sayar wa mutum 20. In abin da ya gina a kai na MIT ne, ya bar sunan masu shi a ciki, ya gama. In na GPL ne, kowane ɗaya cikin mutum 20 ɗin nan yana da ikon neman tushen, yana kuma da ikon ba maƙwabcinsa kwafi. Saurayin da bai san wannan ba sai bayan ya ci bashi ya zuba cikin sana'ar, ya shiga uku. Saboda haka tun ran gini, ran zane: a karanta lasin kafin a ɗora tubali na farko.

6. Abin da ya sami waɗanda suka ƙi kula

Kada wani ya ce ai takarda ce kurum, ba mai bin sawu. Cikin 2003 aka gano kamfanin Linksys na Amurka yana sayar da na'urar rarraba intanet da Linux a cikinta bai ba da tushe ba. Aka matsa masa har ya saki. Daga abin da ya saki ne wasu suka haɗa OpenWrt cikin 2004, wadda ta amfani mutane da yawa. Cikin 2004 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta hana kamfanin Sitecom rarraba kayansa sai ya cika sharaɗin GPL.

Shari'ar da ta fi kusa da aikin hakimai kuwa a Faransa aka yi ta. Kamfanin Orange, wanda mutanen Ƙonni da Maraɗi suka san sunansa tun yana da reshe a Nijar kafin ya sayar cikin 2019, ya karɓi kwangilar gina wa Gwamnatin Faransa wata ƙofar hulɗa da jama'a ta intanet. Ya yi amfani da wata manhaja mai suna Lasso, ta wani ƙaramin kamfani, Entr'ouvert, wadda ke ƙarƙashin GPL, bai cika sharuɗɗanta ba. Ƙaramin ya kai ƙara cikin 2011. Aka yi ta shari'a shekara 13, har ran 14 ga Fabrairu 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ce Orange ya keta haƙƙin mallaka, ta sa shi biyan diyyar da ta haura Yuro 600,000. Abin lura a nan shi ne, aikin na Gwamnati ne, mai laifin babba ne, mai ƙarar ƙarami, duk da haka sharaɗin ya tsaya.

7. To, ina ribar ta ke?

Mai tambaya zai ce, in kowa na iya kwafa, da me yaro zai ci abinci? Amsa ita ce, da abin da mai gini ke ci, alhali ƙasar da ya ke kwaɓawa ba shi ya halicce ta ba. Ana biyan kafawa, da daidaita manhaja da bukatar mai saye, da juya ta zuwa Hausa, da koyar da ma'aikata, da gyara idan ta tsaya. Kamfanin Red Hat na Amurka a kan wannan hanya ya ginu, yana sayar da kulawa da Linux, har IBM ya saye shi cikin 2019 a kan Dala biliyan 34.

Wannan kulawa ba abin wasa ba ce, gama kusan kowane lasin ya faɗa a fili cewa ba lamuni. An ba da manhajar yadda ta ke, in ta jawo hasara ba a bin marubucinta. Cikin watan Disamba 2021 aka gano wata ɓaraka cikin Log4j, wata 'yar manhajar kyauta da ke cikin na'urorin bankuna da gwamnatoci a duniya, wadda ɓarayi ke iya shiga ta cikinta. Masu ita suka fid da gyara da sauri, amma sa gyaran cikin kowace na'ura aikin mai na'urar ne. Wanda bai ɗauki mai kula ba, ƙofarsa ta kwana a buɗe.

Abu biyu kuma lasin bai bayar ba. Bai ba da suna ba: mutum ba zai gyara manhajar wasu ya sayar da ita da sunansu da tambarinsu kamar su suka aiko shi ba. Bai kuma shafi bayanan da aka zuba a ciki ba. Sunayen mutane, da iyakokin gonakinsu, da ranar haihuwar 'ya'yansu amana ce, buɗaɗɗen tushe ba ya nufin buɗaɗɗen asiri. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ita ke hukunci a kan wannan.

8. Kafin a buga hatimi

Babbar hasarar da ke iya samun ƙasa ba ta kotu ba ce. Ita ce a wayi gari rajistar gonaki ta shekara da shekaru tana cikin na'urar da mutum ɗaya kaɗai ya san sirrinta, shi kuwa ya ƙaura, ko ya rasu, ko ya ce sai an ninka masa kuɗi. Ranar da 'yan'uwa biyu suka zo gaban hakimi a kan iyaka, ba littafin da za a buɗe. Don gudun haka, ya kamata malamin hakimi ya nemi amsar tambayoyin nan a rubuce kafin a sa hannu:

Na ɗaya, a kan wace manhaja aka gina aikin, kuma wane lasin ke kan kowace? Ɗan kwangila ya kawo jerinsu, a manna da yarjejeniya.

Na biyu, kuɗin da a ke nema na mene ne? Ladan aiki halal ne. Amma kada a biya kuɗin sayen abin da masu shi suka saki kyauta da sunan wai shi ya ƙirƙira.

Na uku, za a miƙa tushen? In da GPL a ciki, wannan haƙƙin mai saye ne, ba alfarma ba. In babu ma, a sa shi cikin sharaɗi. A ajiye kwafi a ofis, wani kuma a majalisar masarauta.

Na huɗu, abin da ɗan kwangila ya rubuta da hannunsa, na wa zai zama? Doka ba ta karɓar sallama haƙƙin mallaka da baki, sai a rubuce.

Na biyar, wa zai kula da ita, har tsawon wane lokaci, a kan nawa? Ana iya fid da bayanan a buga su a takarda duk ran da aka so?

Ɗan kwangilar kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, gama su ne ke raba shi da maƙaryaci. Wanda ya soma kame-kame kuwa, a dakata masa tukuna, a nemi shawarar lauya ko ta malaman jami'a, tun da ga su nan kusa.

Ana kuma roƙon hakimai su ja kunnen samarin ƙasarsu masu wannan sana'a, da dagatai da iyayensu, cewa kofar a buɗe ta ke gare su. Su ɗauka, su gina, su ci riba, ba wanda ya hana. Amma su bar sunan mai abu a kan abinsa, su mayar da abin da aka ce a mayar, kuma in sun gyara wata ɓaraka su aika wa masu ita, don sunan Dundaye ya shiga cikin masu bayarwa, kada ya tsaya cikin masu karɓa kaɗai.

Allah ya ba hakimai ikon riƙon amana, ya yi wa alƙaluman malamai albarka. Haza wassalam.